Tarzomar Richard

Tarzomar Richard bore ne da magoya bayan wasan hoki na ƙanƙara suka tayar a Montreal, Kanada, ranar 17 ga Maris, 1955.

Kwana 4 kafin nan, a Boston, aka fasa wa Maurice Richard, gwarzon ƙungiyar Canadiens ta Montreal, kai da sanda. Ya rama, har ya naushi mataimakin alƙalin wasa. Shugaban gasar hoki ta NHL, Clarence Campbell, ya dakatar da shi har ƙarshen kakar wasa, hukuncin da masu jin Faransanci irin Richard suka ɗauka wariya ce tsagwaronta. Da Campbell ya zo kallon wasa a Montreal ranar 17 ga Maris, sai aka yi masa ruwan ƙwai da tumatir. Rikici ya fantsama tituna, aka farfasa shaguna.

Washegari Richard ya roƙi jama'a ta rediyo su kwantar da hankali.