Tarihin Bayanin Lokaci Mai Zuwa a Harshen Bama da Hausa

Gabatarwa

Hausawa da dama sun fara jin sunan ƙasar Bama ne daga bakin tsofaffin sojojin da suka yi yaƙi a can daga 1943 zuwa 1945, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Tun 1989 ana kiran ƙasar Myanmar. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba yadda harshen Bama ke bayyana abin da bai auku ba tukuna, sa'an nan a ga hasken da wannan zai bayar kan Hausar da ake ji a Kazaure da Roni da Gwiwa da Ɓaɓura.

Harshen Bama

Adoniram Judson, ɗan mishan daga Amurka, ya sauka Rangun a 1813, ya kuma wallafa nahawun harshen a 1842. Turawan wancan zamani sun saba da raba aikatau gida uku: shuɗaɗɗe da mai ci da mai zuwa. Amma harshen Bama gida biyu ya yi. Aikatau "thwa" na nufin tafiya. In aka ce "thwa-te", to an tafi ko ana tafiya. In aka ce "thwa-me", za a tafi. Sai dai ana amfani da "me" wajen zato, ko da kan abin da ya riga ya wuce ne. Saboda haka a 1985 Bernard Comrie, bisa dogaro da nahawun John Okell na 1969, ya nuna cewa rabon na tsakanin abin da ya tabbata ne da wanda bai tabbata ba.

Hausa

Irin wannan ma'auni na Turai aka ɗora wa Hausa tun daga nahawun J. F. Schön na 1862 da na C. H. Robinson na 1897. Da aka tarar Hausa na da hanya biyu, sai littattafan makaranta suka kira su lokaci mai zuwa na ɗaya da na biyu, kamar dai abu guda ne aka raba.

Na ɗaya shi ne "za". Asalinsa tafiya ne, kuma har yanzu mutumin Roni kan ce "za ni Kazaure", babu wani aikatau a ciki. Wannan asali ne ya sa "za" ke gabatar wakilin suna, alhali a "suna" da "suka" da "sukan" wakilin suna ne a gaba. Faransanci da Ingilishi ma sun mai da kalmar tafiya alamar lokaci mai zuwa.

Na biyu shi ne "na, ka, kya, ya, ta, ma, kwa, sa", masu dogon wasali da faɗuwar murya. Wanda ya ce "za mu biya" ya ɗaura niyya. Wanda ya ce "ma biya" ya bar ƙofa a buɗe, ko ya rataya maganar a kan wani sharaɗi. Da shi ake gargaɗi, kamar "kwa gani", kuma ba ya shiga bayan "da" mai dangantawa: "mutumin da zai zo" kaɗai ake cewa. Shi ya sa Paul Newman, a babban nahawunsa na 2000, ya ba shi suna mai nufin abin da ke iya yiwuwa. A nan ne Hausa ta yi kusa da "me" na harshen Bama.

Matsalar rubutu

Ƙa'idojin rubutun boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 ba su nuna karin sauti ba, haka aka kuma ci gaba bayan kafa Hukumar Hausa a 1955. Sakamakon haka "na, ka, ya, ta" na wannan lokaci sun yi daidai da na shuɗaɗɗe a takarda. In magatakarda a Kazaure ya rubuta "hakimi ya zo", mai karatu na iya ɗauka an riga an zo, alhali zato aka yi. A baki murya ta raba gardama; a takarda babu mai raba ta.

Kammalawa

Wajibi ne ma'aikaci ya yi amfani da "za" a wasiƙa da rahoton taro in alkawari ake nufi, in kuwa zato ne ya ƙara "wataƙila". Ɗalibi kuma ya auna kowace siga da aikin da take yi a bakin masu harshe, kafin ya karɓi sunan da littafi ya ba ta.