Daular da Ba Ta da Teku: Daga Allon Kwamfuta Zuwa Sifawa

A cikin matasanmu na Mandera da sauran garuruwan yankin Boɗinga da Shagari, akwai waɗanda idan suka dawo hutu daga makaranta sukan zo da kwamfutar cinya, a kai ta shagon caji da rana, da dare kuma a kewaye ta. Ba ƙwallo ake bugawa ba, daula ake ginawa. Wasan shi ne Europa Universalis IV, wanda kamfanin Paradox na ƙasar Suwidin ya fitar a 2013. Yana farawa daga shekarar 1444 ya ƙare a 1821, kuma mai wasa yakan zaɓi ƙasa ɗaya ya riƙe ragamarta: haraji, aure tsakanin gidajen sarauta, yaƙi da sulhu.

Sabon shiga yakan so Ingila ko Fotugal, don ruwa ya zame musu ganuwa, jirage kuma na kawo dukiya daga nesa. Mu kuwa Ostiriya ko Rasha muka fi ɗauka, daulolin tudu, kuma nan wahalar take. Ba ka da gefen da za ka juya wa baya ka yi barci. Ka ci gari uku a gabas, maƙwabta su haɗa kai su taso maka daga yamma. Ka tura runduna nesa, yunwa da sanyi su cinye ta kafin ta ga abokin gaba. Ka faɗaɗa ƙasa da gaggawa, tawaye ya ɓarke a bayanka. Tarihi ma haka ya nuna: sau biyu Turkawan Usmaniyya suka yi wa birnin Biyana ƙawanya, a 1529 da 1683, Sarki Bitrus na Rasha kuwa sai da ya yi yaƙi da Suwidin kafin ya sami bakin tekun da ya kafa birninsa a 1703.

Abin da muka daɗe ba mu lura da shi ba shi ne, muna koyon wannan darasi daga Turai alhali a kansa muke zaune. Sifawa tana nan kusa da Boɗinga. A can Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna daga wajen 1810 zuwa 1815, bayan faɗuwar Alkalawa a 1808. A 1812, shekarar da Napoliyon ya shiga Rasha da rundunar da nisan ƙasa da hunturu suka karya, aka raba kula da sabuwar daula gida biyu: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi, wanda ya yi zamansa a Boɗinga kafin ya koma Gwandu. Dalilin rabon shi ne wanda duk mai wasan ya sani: ƙasa ta yi faɗin da hannu ɗaya ba zai riƙe ta ba. Daga Liftako a Burkina Faso ta yau zuwa Adamawa, masana sun kiyasta tafiyar wata huɗu ce.

Daular Sakkwato ba ta taɓa mallakar jirgin teku ba. Doki ne ƙarfinta, shi ne kuma iyakarta. Da rani ake fita yaƙi, domin da damina mayaƙi manomi ne. A kudu, inda kurmi ya yi duhu kuma ƙudan tsando ke kashe dawaki, mahaya suka tsaya; wajen 1840 mutanen Ibadan suka karya rundunar Ilori a Oshogbo. Teku kuwa ta wata hanya ta iso. A 1824 Bature Kilafaton ya sauka Sakkwato, suka tattauna da Sarkin Musulmi Bello kan buɗe ciniki ta gaɓar ruwa. Shekara saba'in da tara bayan haka, waɗanda suka mallaki tekun, suka hauro ta kogin Kwara, suka ci Sakkwato a ranar 15 ga Maris 1903.

Har nan wasa da tarihi sun yi daidai. Inda suka rabu shi ne launi. A allo, gari in ka ci shi sai ya rine da launinka, ka kai ido gaba. A ƙasa ba haka abin yake ba. Gobirawa sun tattaru a Tsibiri, Katsinawan da aka kora suka kafa Maraɗi, Kabawa kuma suka sake tayar da kai a 1849 ƙarƙashin Yakubu Nabame, Argungu ta tsaya da ƙafarta har zuwan Turawa. Wato abokan gaba suna nan tafiyar 'yan kwanaki daga fadar daular da ta kai har Yola. Shi ya sa Bello ya dage kan ribaɗi: garuruwa masu ganuwa irin Wurno da Gandi da Silame, inda aka zaunar da malamai da makiyaya da mayaƙa su yi noma suna tsaron iyaka. Shi kansa a Wurno ya rasu a 1837. Abin da ke riƙe sarakunan nesa kuwa ba runduna ba ce; tuta ce, da wasiƙa, da rangadin waziri, da gaisuwar shekara. Kuma dole mu faɗi gaskiya: abin da wasa ke nunawa a matsayin lambar bunƙasa, a nan akwai gumin bayin da aka kamo aka zuba a gandaye.

Akwai kuma abin da wasan ba shi da ma'auninsa ko kaɗan. Wajen 1807, ana tsakiyar nasara, Malam Abdullahi ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa ƙasa mai tsarki, saboda ya ga hankalin mutane ya karkata ga mulki da ganima da dawaki da tufafi. Kanawa suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami kan yadda ya kamata a yi mulki, sannan ya dawo. A allo wannan hasara ce kawai: an rasa gwanin yaƙi ba gaira ba dalili. A tarihinmu kuwa ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi: an ci ƙasar, to don me?

Ba mu ce a daina wasan ba. Ya sa yaran da ke hamma a ajin tarihi suna gardama kan haraji da iyaka har tsakar dare, kuma a cikinsa akwai Kano da Katsina da Zazzau ga mai son ya gwada gida. Amma taswirar Nijeriya ma launi ɗaya ce a bangon aji, manomin gabashin Sakkwato da Zamfara kuwa ya san daidai inda ikon hukuma ya ƙare, ya san gonar da ba ya iya zuwa. Wanda ya kwana yana tsare iyakar Ostiriya, ya kamata wata safiya ya hau babur ya je Sifawa. Ba ta da nisa, kuma dattawan garin za su nuna masa inda Shehu ya zauna.