Neman Sabis a Idon Kyamara: Waiwaye Kan Wayar Hannu a Gasannin Hoto

Tun da aka fara gasar World Press Photo a birnin Amsterdam na ƙasar Holan a 1955, yaƙi da yunwa da girgizar ƙasa ne suka fi cin babbar kyautar. Masu hoto sun san inda za su tsaya idan ana harbi ko ana kuka. Abin da ya zo ya ɗaure musu kai shi ne sauyin da ya taɓa rayuwar mutane fiye da yaƙe-yaƙe da dama, amma babu hayaƙi, babu ƙara. Sabis ba ya ganuwa. Ɗa zai kira mahaifiyarsa daga wata uwa duniya, su yi kuka su yi dariya, amma abin da kyamara za ta kama bai wuce mutum a tsaye da hannu a kunne ba. Rabin abin da ke faruwa yana can wurin wanda ake kira. Masu hoto da alƙalan gasa sun kwashe shekaru suna lalube kafin su gane yadda ake shigo da wancan rabin cikin hoto.

Da fari ba a ma kallon waya a matsayin abin da za a ɗauka, ita ce mai ɗauka. Ranar 11 ga Yuni, 1997, wani masanin kwamfuta ɗan asalin Faransa, Philippe Kahn, ya haɗa kyamara da kwamfutar cinya da wayarsa a wani asibiti a Kalifoniya, ya tura hoton jaririyarsa ga mutum kusan 2,000. A 2000 kamfanin Sharp ya fitar da waya mai kyamara a Japan, shekara guda kafin GSM ya iso Najeriya a watan Agustan 2001. Ranar 7 ga Yuli, 2005, da bama-bamai suka tashi a jiragen ƙasa na ƙarƙashin birnin Landan, hotunan da suka cika jaridu na fasinjoji ne, waɗanda suka ɗauka da wayoyinsu suna laluben hanyar fita cikin duhu. Hotunan dishi-dishi ne, amma babu ƙwararren da ke wurin.

Gasanni sun yi jinkirin karɓar wannan. A 2010 alƙalan World Press Photo suka yi ambato na musamman ga wani hoto da aka ciro daga bidiyon rasuwar Neda Agha-Soltan, matashiyar da aka harbe a zanga-zangar Tehran ta Yunin 2009. Ba su ba shi kyauta ba, tunda gasar ta ƙwararru ce, amma sun amince cewa tarihin shekarar ba zai cika ba tare da shi ba. Shekara na zagayowa sai rigima ta tashi a Amurka, inda Damon Winter na jaridar New York Times ya zo na uku a wani rukuni na gasar Pictures of the Year International da hotunan sojoji a Afganistan, waɗanda ya ɗauka da iPhone ta manhajar Hipstamatic. Wasu abokan sana'arsa suka ce an zubar da mutuncin aiki. Shi kuwa hujjarsa ita ce sojojin sun fi sakin jiki a gaban waya, don su ma da ita suke ɗaukar junansu. A ganina wannan hujja ta fi duk abin da aka faɗa a rigimar nauyi: mutane sun saba da waya har sun daina gyara zama idan an ɗaga ta.

Lokacin da Afirka ta shigo labarin kuwa, ta ƙofar bola ta shigo. A wancan lokacin, a unguwar Agbogbloshie da ke Accra, matasa, akasarinsu 'yan ci-rani daga arewacin Ghana, suna ƙona wayoyin lantarki suna farfasa tsofaffin kwamfutoci don ciro jan ƙarfe. Pieter Hugo na Afirka ta Kudu ya yi aiki a wurin tsakanin 2009 da 2010, sannan Bajamushe Kai Löffelbein ya ci kyautar hoton shekara ta UNICEF a 2011 da hoton wani yaro a wannan bola. Hotunan gaskiya ne, kuma sun sa duniya ta dubi gubar da yara ke shaƙa. Sai dai sun bar wani tabo: Turawa ne masu amfani da na'ura, mu ne masu karɓar gawarta. Mai gyaran waya da mai harhaɗa tsohuwar kwamfuta ta tashi, waɗanda ke aiki a gefen hayaƙin, ba su cika samun shiga ba. Hukumomi sun rushe wurin a watan Yulin 2021.

Hoton da ya sauya lissafi an ɗauke shi ne a daren 26 ga Fabrairu, 2013, a bakin tekun birnin Jibuti. John Stanmeyer, Ba'amurke, yana yi wa mujallar National Geographic aiki kan tattakin da ɗan jarida Paul Salopek ya fara daga Habasha, yana bin sawun ƙaurar ɗan Adam ta farko. Sai ya tarar da wasu mutane tsaye a bakin ruwa cikin farin wata, kowa ya ɗaga wayarsa sama. Baƙi ne 'yan ci-rani. Jibuti mashiga ce ga masu fitowa daga Somaliya da Habasha da Eritiriya da niyyar tsallakawa ƙasashen Larabawa, kiran waya a ƙasar kuma da tsada. Don haka sukan sayi layin Somaliya, su zo gaɓar teku da dare suna farautar sabis ɗin da ke tsallako iyaka, ko Allah zai sa su ji muryar gida. A watan Fabrairun 2014, daga cikin hotuna sama da 98,000 da masu hoto fiye da 5,700 suka aiko, alƙalan World Press Photo suka zaɓi wannan, mai suna Signal, a matsayin hoton shekara.

Ba a ganin fuskar kowa a hoton. Inuwoyi ne kawai, da hasken wayoyi, da wata a sama. Babu jini, babu mai roƙo, babu wanda aka ɗauka a cikin ƙasƙanci, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna yadda aka saba nuna baƙin haure. Amma abin da ya fi ba shi ƙarfi shi ne duk wanda ya kalle shi sai ya tuna da mutanen da ba sa ciki: uwa da ke jiran ta ji ko ɗanta ya sauka lafiya, mata da ke jiran a ce an turo kuɗi. Hannun da aka ɗaga ne ya shigo da su. Stanmeyer bai ɗauki fasaha ba, ya ɗauki kewa, waya kuma ta zo a matsayin hanyarta.

Mai karatu a ƙasar Hausa ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan tsayuwa. Duk wanda ya zauna a ƙauye ya san tudun da ake hawa ko bishiyar da ake zuwa gindinta don sabis ya kawo. A watan Mayun 2013, wata uku bayan daren Jibuti, aka katse layukan waya a Borno da Yobe da Adamawa lokacin dokar ta-ɓaci. A watan Satumban 2021 aka yi haka a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, har mutane suka riƙa shiga mota zuwa wani gari don kawai su kira ɗan'uwa ko su ga ko kuɗi ya shigo. Ana gane girman abin da waya ta zama ne a ranar da aka ɗauke ta.

Bayan Signal sai wani salo ya yi tashe, na kuka da waya. Ba'amurke Eric Pickersgill ya fitar da jerin hotuna a 2015 mai suna Removed, inda ya zare wayoyi daga hannun mutane ya bar su suna kallon tafin hannu. Wani hoton kuma ya zagaya duniya, na ɗalibai a gidan tarihi na Rijksmuseum sun ba shahararren zanen Rembrandt baya, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Aka yi ta la'antar yaran zamani. Daga baya bayani ya fito cewa aikin makaranta suke yi da manhajar gidan tarihin. Nan ne raunin wannan salo yake: kyamara tana ganin wuyan da ya sunkuya, ba ta ganin abin da ake karantawa, mai kallo sai ya cike gurbin da zarginsa.

Gasannin hukumomi sun bi ɗaya ɓangaren, na yabon waya. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, tana shirya gasar hoto a taronta na WSIS a Geneva kan yadda fasahar sadarwa ke taimakon ci gaba, cibiyar CGAP ma ta yi shekaru tana yin tata kan hada-hadar kuɗin talakawa. Sun buɗe ƙofa ga masu hoto daga ƙasashen da ba a saba jin sunansu ba, wannan abin yabo ne. Sai dai idan an riga an faɗa wa mai hoto amsar da ake so, manomi mai murmushi riƙe da waya zai yi ta kawowa. Ita kanta ITU ta ƙiyasta cewa a 2024 mutum biliyan 5.5 ne ke amfani da intanet, biliyan 2.6 kuma ba sa yi, kuma a Afirka masu yi ba su wuce kashi 38 cikin 100 ba. Shiga gasar ma sai da data.

Gyaran da ya fi tasiri bai zo daga alƙalai ba. A 2012 Peter DiCampo da Austin Merrill suka fara Everyday Africa, hotunan waya na rayuwar yau da kullum, daga baya masu hoto 'yan nahiyar suka cika shi. A 2014 aka fara gasar Wiki Loves Africa, wadda kowa ke iya shiga. A 2015 Fati Abubakar ta buɗe Bits of Borno a Instagram, tana nuna 'yan makaranta da 'yan kasuwa da masu biki a Maiduguri, a lokacin da duniya ba ta san garin da komai ba sai bam. Ita ma World Press Photo ta raba gasarta zuwa yankuna shida a 2022 don rage rinjayen Turai da Amurka. Kafin nan, a shekarar da annobar korona ta mayar da gaisuwa da ta'aziyya da karatu kan waya, hoton da ya ci gasar 2021 na Mads Nissen ne ɗan Denmark: tsohuwa mai shekara 85 a Brazil, ma'aikaciyar jinya ta rungume ta ta cikin labulen leda bayan wata biyar. Alƙalan sun zaɓi abin da waya ta kasa bayarwa.

Sai kuma tambayar ta koma kan hoton kansa. A watan Afrilun 2023 Bajamushe Boris Eldagsen ya ci wani rukuni na gasar Sony World Photography Awards, ya hau dandamali a Landan ya ƙi karɓa, domin da ƙirƙirarriyar basira ya haɗa hoton. Mata biyu ne a ciki, kuma babu wadda aka taɓa haifa a cikinsu. Mun taso ana cewa gani ya kori ji, yanzu ganin ma sai ya kawo shaida. A watan Nuwamban wannan shekara World Press Photo ta ce za ta karɓi irin waɗannan hotuna a rukuni ɗaya, masu hoto suka yi mata ca, cikin 'yan kwanaki ta janye. Na ga dacewar janyewar, domin darajar hoton Jibuti duk ta rataya ne a kan cewa mutanen sun tsaya a wurin da gaske, kuma akwai waɗanda ke jiran kiransu.

Shaidar da manyan gasanni ke nema ita ce asalin hoton kamar yadda ya fito daga na'ura, da bayanan rana da lokaci a jikinsa. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Yawancin hotunan da aka ɗauka a garuruwanmu cikin shekarun nan, na layin masu POS lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, na rumfar mai caji da wayoyi jere a kan tebur, na tsohuwar da jikanta ke danna mata saƙon murya, ta WhatsApp suke yawo. Manhajar kuwa tana matse hoto ta goge waɗannan bayanai idan an tura shi yadda aka saba. Asalin yana cikin waya ɗaya tak, kuma ita ce wayar da ake sayarwa idan buƙata ta taso, ko a kai wa mai gyara ya wanke ta.