Asusun Manyan Kamfanoni da na Ƙanana: Ina Bambancin?

Asusun da ke bin ma'aunin kasuwa ba ya tantance hannayen jari. Yakan sayi duk abin da ke cikin jerin. John Bogle ya buɗe wa jama'a irinsa na farko a Amurka a 1976, yana bin S&P 500, mai ɗauke da kusan kashi 80 cikin ɗari na darajar kasuwar ƙasar. Girman kamfani ke ƙayyade kasonsa, shi ya sa manyan kamfanoni irin su Apple da Microsoft ke da kaso mai tsoka.

Russell 2000, na 1984, ƙananan kamfanoni yake bi. Farashinsu ya fi hawa da sauka, kuma sun fi dogaro da bashin banki. Idan Babban Bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, su ke fara jin jiki.