Ƙasar Dayatomait da Tarihinta a Masana'antu

Wajen shekarar 1836 ne wani baƙauye mai suna Peter Kasten yake haƙar rijiya a yankin Luneburg, a arewacin Jamus, sai ya tarar da wata farar ƙasa mara nauyi, mai kama da alli. Da farko an zaci farar ƙasa ce irin wadda ake zuba wa gona. Da masana suka duba ta da madubin ƙara girman abu, sai suka ga ashe ɓawon waɗansu ƙananan tsirran ruwa ne da ake kira dayatom, waɗanda suka mutu suka kwanta a ƙarƙashin tafkuna shekaru aru-aru. Ɓawon nan na silika ne, watau sinadarin da ke cikin yashi, kuma duk jikinsa ƙofofi ne da ido ba ya gani. Darajar ƙasar daga nan take: tana shan ruwa kamar soso, wuta ba ta cin ta, yawancin ruwan asid kuma ba ya narkar da ita.

Wanda ya fara fito da sunanta a duniya shi ne Alfred Nobel, mutumin Suwidin. Sana'arsa haɗa naitirogilisarin, wani ruwa mai fashewa da ɗan girgiza kaɗan. A 1864 masana'antarsa ta fashe a Stockholm, ƙanensa Emil yana cikin waɗanda suka rasu. Nobel ya gano cewa in aka jiƙa kashi 1 na wannan ƙasa da kashi 3 na ruwan, sai ya zama curi da ake iya ɗauka a yi tafiya da shi lafiya. A 1867 ya yi rajistar nakiyar da ya kira dainamait. Amma fa ƙasar ba ta ƙara wa nakiya ƙarfi, rage shi ma take yi, don haka a 1875 Nobel da kansa ya haɗa wata nakiyar da ba ta bukatarta.

Aikin da ya fi daɗewa a hannunta shi ne tacewa. Wilhelm Berkefeld ya ƙera matacin ruwa da ita, aka yi amfani da shi lokacin annobar kwalara a Hamburg a 1892. Har yau da ita ake tace giya da ruwan sukari da man girki, kuma Amurka ce ke kan gaba wajen haƙo ta, musamman a Lompoc ta jihar Kalifoniya.

Batun batirin mota kuwa, kafin zuwan filastik da baƙar roba mai tauri ko da kwalta ake yin akwatinsa. Roba na da tsada, saboda haka akan cuɗa ta da garin abin da zai ƙara mata auki, amma tilas ya zama wanda ruwan batir ba zai ci ba. Dayatomait ta cika wannan sharaɗi, ga kuma rashin nauyi. Da akwatunan filastik suka yaɗu daga ƙarshen shekarun 1960, wannan kasuwa ma sai ta ja baya.

Ƙasar nan ba baƙuwa ba ce a nahiyarmu. Akwai ta kwance a Bularafa cikin Jihar Yobe. A kwarin Bodele na ƙasar Cadi kuwa, inda tsohon Tafkin Cadi ya ƙafe, iskar hunturu ce ke kwasar ta, ta zama wani ɓangare na hazon da ke lulluɓe Kano da Damagaram kowace shekara.