Daga Takardar Sadaki Zuwa Tarbiyyar Zuciya: Asalin Karantarwar Yahudawa A Kan Aure

Wanda duk ya duba littattafan wa'azi da malaman Yahudawa na wannan zamani ke wallafawa a kan zaman aure, ya ga yadda suke yawan ambaton ƙauna da haɗuwar rayuka da gyaran hali, zai yi zaton da wannan aka fara tun asali. Alhali kuwa in aka bi sawun al'amarin sai a tarar da kuɗi aka fara, da shaidu, da takarda, watau da fiƙihu tsantsa, kuma sai da aka shafe ƙarnuka ana ɗaure wa miji hannu da hukunci kafin masu zancen zuciya su sami gindin da za su ɗora nasu ginin.

Wasu daga cikin mafi daɗewar takardun aure na Yahudawa da suka iso hannun masu bincike an same su ne a wani tsibiri na kogin Nilu daura da Aswan, inda wata rundunar sojan Yahudawa ta zauna tana tsaron iyaka ga sarakunan Farisa a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata gare shi. An rubuta su da Aramiyanci, an lissafa sadaki da tufafi da kayan ɗakin amarya ɗaya bayan ɗaya da ƙimar kowanne, har an bayyana cewa mace ma tana da ikon miƙewa a gaban jama'a ta nemi rabuwa, muddin ta yarda da asarar da za ta biyo baya. A wancan lokaci sadaki abu ne da ake miƙawa tun farko, galibi ga uban yarinya. Attaura kuwa ta riga ta ɗora wa miji haƙƙoƙi uku da ba ya tauye wa matarsa su, ci da sutura da kwana.

Canjin da ya fi kowane girma ana jingina shi ga wani malami mai suna Shimon ɗan Shatah, wanda ya yi zamani da sarauniya Salome Alezandara, wadda ta mulki ƙasar Yahudiya daga shekara ta 76 zuwa ta 67 kafin Miladiyya, kuma riwaya ta ce ɗan'uwanta ne. Yadda Talmud, babban littafin fiƙihun Yahudawa, ya kawo labarin abin sha'awa ne, domin ya nuna malamai suna gwada dabara, ta ƙi, su sake wata. An yanka wa budurwa sadakin zuz 200, watau kuɗin wancan zamani, bazawara zuz 100. Da fari aka ajiye kuɗin a gidan uban matar, sai ya zama duk ranar da ran miji ya ɓaci sai ya ce da ita ta tafi wajen kuɗinta, tun da ba abin da zai fita daga aljihunsa. Aka komo da kuɗin gidan miji, mata suka riƙa mai da shi kwanuka da tukwane, masu hali na azurfa da zinariya, amma haka bai hana mai fushi ya nuna mata kayan ya ce ta kwashe ta fita ba. Sai Shimon ya hukunta cewa kada a ware kuɗin ko kaɗan, a bar shi bashi a wuyan miji, a rubuta cewa dukan dukiyarsa jingina ce ga wannan bashi, ya biya ranar saki, ko magada su biya ranar mutuwarsa. Da wannan hukunci guda talaka ya sami damar aure ba tare da ya tara dukiya ba, saki kuma ya zama abu mai tsada. Takardar da ke ɗauke da wannan alkawari ita ce ake kira ketuba. Domin a gane nauyin zuz 200, ya isa a san cewa littafin Mishna, wanda aka tattara wajen shekara ta 200 Miladiyya, ya hana wanda ya mallaki wannan adadi karɓar rabon matalauta daga amfanin gona. Rabbi Meyir ma ya haramta wa mutum zama da matarsa ko da sa'a guda ba tare da takardar ba, dalili kuwa shi ne kada sakinta ya zama abu mai sauƙi a idonsa.

Kada mai karatu ya ɗauka malaman nan sun haɗu a kan ra'ayi ɗaya. Mazhabar Shammai ta ce ba a saki sai da alfasha, mazhabar Hilel ta halatta ko da girki ta ƙona, Rabbi Akiba kuma ya ƙara da cewa ko don ya ga wadda ta fi ta kyau. Abin mamaki shi ne wannan Akiba ɗin, wanda Rumawa suka kashe wajen shekara ta 135, shi ne mutumin da labarin aurensa ya zama abin misali: makiyayi jahili da 'yar attajiri ta aura bisa sharaɗin ya tafi neman ilimi, ubanta ya yafe ta, ta zauna cikin talauci shekaru masu yawa, da ya komo da dubban almajirai ya shaida musu cewa iliminsa da nasu duk nata ne. Shi ne kuma aka ruwaito yana karantar da cewa kasancewar Ubangiji na sauka tsakanin miji da mata idan sun cancanta, in ba haka ba wuta ta cinye su. A ganina babu saɓani na haƙiƙa a nan, domin fuƙaha'u a ko'ina sukan raba abin da alƙali zai zartar da abin da mai tsoron Allah zai aikata. Shi ya sa babin saki na Talmud, bayan ya kawo duk wannan rangwame, ya rufe da cewa mahadayar Haikali kanta tana zubar da hawaye saboda wanda ya saki matar ƙuruciyarsa.

Ambaton mahadaya ba a banza ba ne. Rumawa sun rushe Haikalin Baitul Muƙaddas a shekara ta 70, yanka da hadaya suka ƙare, malamai suka shiga neman inda za a mai da tsarkin da ya rasa mazauni, ɗaya daga wuraren da suka zaɓa kuwa shi ne gida. Teburin abinci ya maye gurbin mahadaya, zaman lafiyar gida, wanda suke kira shalom bayit, ya zama ibada mai zaman kanta, kuma har yau ango kan fasa kofin gilashi a wurin ɗaurin aure don tuna wancan rushewa.

Da Musulunci ya zo, mafi yawan Yahudawan duniya suka kasance ƙarƙashin daularsa, abin ya taɓa hukuncin aurensu. Wajen tsakiyar ƙarni na 7 shugabannin makarantun Sura da Fumbadita a Iraƙi suka zartar cewa macen da ta ƙi zama a tilasta wa mijinta ya sake ta nan take, dalili kuwa, kamar yadda magadansu suka bayyana daga baya, shi ne mata sun fara kai ƙara wajen waɗanda ba Yahudawa ba. Musa ɗan Maimun, haifaffen Ƙurɗuba wanda ya rasu a Fusɗaɗ ta Masar a 1204, ya tsaya a kan cewa matar da ta ce ba ta iya jure mijinta a tilasta masa saki, domin ita ba fursunar yaƙi ba ce, ko da yake malaman Faransa na zamaninsa sun ƙi wannan. A can Mainz ta ƙasar Jamus kuwa, wajen shekara ta 1000, aka kafa dokar da ake jingina wa Rabbi Gershom, ta hana ƙarin mata da sakin mace ba da yardarta ba. Yahudawan ƙasashen Musulmi ba su ɗauki dokar ba, amma takardun da aka kwaso daga ma'ajiyar majami'ar Ben Ezra ta Fusɗaɗ, waɗanda Solomon Schechter ya kai fiye da dubu ɗari daga cikinsu jami'ar Kambirij a 1897, sun nuna iyaye da yawa suna sa a rubuta wa 'ya'yansu sharaɗin ba kishiya.

A daular Musulunci ce kuma ilimin gyaran zuciya ya sami littafinsa na farko mai tsari. Wani alƙalin Yahudawa na Saraƙusɗa a Andalus, Bahya ɗan Baƙuda, ya rubuta Al-Hidaya ila Fara'idil Ƙulub da Larabci wajen 1080, yana kukan cewa mutanensa sun ƙware a farillan gaɓoɓi sun manta da na zukata. Almajirin da ya karanta littattafan tasawwufi ba zai yi baƙunta a cikinsa ba, domin babobinsa goma sun fara da tauhidi, suka bi ta tawakkali da ikhlasi da tawali'u da tuba da muhasaba da zuhudu, suka ƙare da son Allah. Littafin bai maida hankali ga aure ba, amma shi ya ba na baya ma'aunin da suka auna mai gida da shi.

Ma'abota ilimin baɗini, watau Kabala, su ne suka ɗaga aure zuwa sama. Littafin Zohar, wanda ya bayyana a Kastila ta Sifen a ƙarshen ƙarni na 13 ta hannun Musa na Leyon, ya karantar da cewa kowane rai yana saukowa ne rabi biyu, namiji da mace, aure kuma haɗa su ne, saboda haka gwauro rabin mutum ne. Wata risala ta wannan ƙarni ta yi raddi ga masu falsafar da ke ƙyamar jiki, ta ce saduwar miji da mata tsarki ce in niyya ta gyaru. Bayan korar Yahudawa daga Sifen a 1492 wannan karatu ya taru a garin Safad na ƙasar Jalilu, inda masu zuhudu kan fita bayan gari da yammacin Juma'a su tarbi ranar Asabar kamar ana tarbar amarya. A garin nan ne kuma Yusufu Karo ya tsara littafin fiƙihu na Shulhan Aruk, wanda aka buga a Banis a 1565, ya ware ɗaya daga ɓangarorinsa huɗu ga aure da saki; ga baɗini ga zahiri a unguwa ɗaya.

Saura mataki guda, shi ne mai da wannan duka aikin yau da kullum. Rabbi Isra'ila Salanter, wanda ya rayu daga 1810 zuwa 1883, ya kafa harkar Musar a ƙasar Lituwaniya bisa hujjar cewa sanin hukunci ba ya canza hali sai da riyala, kuma ya fi tsananta haƙƙin mutane a kan tsantsenin ibada. Ya ƙarfafa sake buga wani ɗan littafi na Mendel Lefin mai tsara halaye 13, mutum ya riƙi ɗaya kowane mako yana rubuta inda ya kasa, tsarin da aka aro daga Benjamin Franklin na Amurka. Daga wannan makaranta Rabbi Eliyahu Desla ya fito, wanda ya koyar a Ingila ya rasu a Bene Barak a 1953, shi ne mai cewa mutane kashi biyu ne, mai bayarwa da mai karɓa, kuma bayarwa ce ke haifar da ƙauna, ba ƙauna ke haifar da bayarwa ba. Yakan gargaɗi ango da amarya cewa ranar da kowannensu ya fara lissafin abin da yake bi, ranar daɗin ya fara gushewa. Wani ɓangare na abin da masu nasihar aure na Yahudawa ke faɗa a yau daga gare shi ya gangaro.

Amma fa duk wannan wa'azi bai warware ƙulli ɗaya da fiƙihu ya bari ba. Saki ba ya tabbata sai miji ya miƙa takardarsa, wadda ake kira get, bisa son ransa. In ya ƙi, ko ya ɓace ba shaidar mutuwa, matar ta zama aguna, ba aure ba jawarci. A shekarun 1950 Rabbi Saul Lieberman ya ƙara wa ketuba wani sharaɗi a Amurka da ke wajabta wa ma'aurata amsa kiran kotun addini, masu riƙo da tsohuwar hanya suka ƙi karɓa. A shekarun 1990 wasu daga cikinsu suka fito da tasu yarjejeniyar, wadda ango ke sa wa hannu kafin ɗaurin aure, cewa in zama ya ƙare zai riƙa biyan nafaƙa mai nauyi kowace rana har ranar da ya miƙa takardar saki. A ƙasar Isra'ila kuwa kotunan addini na da ikon hana mai taurin kai fita ƙasa, ko karɓe masa lasisin tuƙi, ko ma tsare shi a kurkuku, duk da haka akwai mazan da suka zaɓi zaman kurkukun shekara da shekaru a kan su saki.