PC-Write da Iyakar Manhajar Kyauta

A shekarar 1983, Bob Wallace, ɗaya daga cikin ma'aikatan farko na Microsoft, ya ajiye aikinsa ya kafa kamfanin Quicksoft a birnin Seattle na Amurka. Hajarsa manhajar rubutu ce mai suna PC-Write. A zamanin, sanannun manhajoji irin su WordStar kan kai kusan dala 500, kuɗin da ya fi ƙarfin ɗalibi da ƙaramin ɗan kasuwa.

Wallace ya zo da wani salon ciniki. Ya halatta wa kowa ya kwafi manhajar ya ba abokinsa. Mai son faifai daga kamfanin zai biya dala 10. Wanda ya gwada ya gamsu zai iya yin rajista da dala 75, ya sami littafin jagora da taimako ta waya. Idan kuma wani ya yi rajista ta kwafin da ya ba shi, sai a biya shi kamasho na dala 25. Wannan tsari na a gwada kafin a biya shi ne aka sani da shareware.

Sai dai araha ba ta ado. Nau'o'in PC-Write na farko kan loda rubutu gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta, don haka fayil guda ba ya wuce kimanin kilobait 60. Mai rubuta littafi dole ya rarraba shi babi-babi. An kawar da wannan cikas daga baya, amma matsala mafi girma tana tafe. Da Windows 3.0 ta fito a 1990, kasuwa ta karkata ga manhajoji masu nuna shafi kamar yadda zai fito a takarda, kuma sake gina manhaja dominta aiki ne mai cin kuɗi. Kamfanin da ya dogara ga masu biya don raɗin kansu bai iya gogayya da Microsoft Word ba. Wallace ya sayar da Quicksoft a 1991, ba a daɗe ba kamfanin ya durƙushe.

Zubi na biyu ya bi wata hanyar. Kamfanin Sun Microsystems ya sayi StarOffice a 1999, ya buɗe tushenta ga jama'a, aka sami OpenOffice.org. Bayan Oracle ya haɗiye Sun a 2010, masu aikin da dama suka ɓalle suka kafa LibreOffice, wadda take raye har yau. Buɗaɗɗen tushe ya hana manhajar mutuwa tare da kamfaninta, amma bai raba ta da wani nauyin ba: akasarin ofisoshi da fayilolin Word suke musayar takardu. Jadawali ya goce ko tsarin shafi ya rikice a kwamfutar wanda aka aika wa, kuma laifin kan faɗa wa mai aikawa.

Saboda haka, mai auna manhajar kyauta yana da tambayoyi biyu da suka fi farashi muhimmanci: wa zai ci gaba da kula da ita bayan shekara goma, kuma wa zai iya buɗe abin da aka rubuta da ita? Mai rubuta wa kansa wasiƙa ko darasi yana iya wadatuwa da ita. Lauya mai musayar yarjejeniya da wasu ofisoshi kuwa, gara ya gwada fayilolinsa a ɓangarorin biyu tun kafin ya tattara aikinsa ya koma.